Waƙa A Bakin Mai Ita: Yadda Ya Kamata A Tsara Mujallar Kiɗa Da Waƙa A Ƙasar Gwandu

Duk wanda ya ratsa kasuwar Jega, ko ya tsaya a tashar motar Aliero, ko kuwa ya zauna a majalisar matasa a Maiyama bayan sallar isha'i, ba ya buƙatar a gaya masa irin gindin zaman da waƙa ta samu a rayuwar jama'armu a wannan zamani. Ɗan kabu-kabu yana tafe waƙa tana tashi daga aljihunsa, mai shayi ya jingina wayarsa a jikin gwangwanin madara, masu tura waƙoƙi a memori kuwa sun kafa teburansu a bakin kowace kasuwa. Waƙar da a da sai an jira filin zaɓen masu sauraro a rediyo, ko an tara kuɗin kaset, yanzu ta zama tamkar rijiyar unguwa, kowa ya zo da gugarsa ya ɗiba.

Sai dai akwai abin da ya kamata ya dame mu. Daga cikin waƙoƙin nan da suka cika kunnuwa, nawa ne aka rubuta kalmominsu daidai? Mawaƙa nawa ne aka adana tarihinsu tun suna da rai? Ina matashi zai duba ya san ma'anar kalmar da ya ji a bakin Narambaɗa ko Ɗanƙwairo, wadda yake rerawa kullum ba tare da ya san abin da take nufi ba? Wannan giɓi ne ya sa nake ganin lokaci ya yi da masu hali da masu ilimi za su yi tunanin kafa mujalla ta musamman a kan kiɗa da waƙa, a takarda ko a waya ko duka biyun. Amma fa ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a sayi takarda ko a nemi madaba'a, wajibi ne a amsa tambaya guda ɗaya: wa za a rubuta wa? A ganina amsar wannan tambaya ce za ta yanke hukunci a kan komai, tun daga sunan mujallar da hoton bangonta har zuwa irin Hausar da za a zuba a cikinta.

Na zaɓi garuruwan nan uku na masarautar Gwandu a Jihar Kebbi su zama ma'auni ne da gangan. Yawancin abin da ake bugawa da Hausa daga Kano da Kaduna da Zariya da Abuja yake fitowa, kuma sau da yawa mai rubutun ba ya tuna cewa akwai mai karatu a yamma, mai karin harshensa da makaɗansa da abin da yake so. Mujallar da ta iya shiga ran mutumin Jega da Aliero da Maiyama ta koyi darasin da zai amfane ta a ko'ina cikin ƙasar Hausa.

Darasi daga waɗanda suka riga mu

Ba yau aka fara tunanin mai karatu a aikin jarida da Hausa ba. Lokacin da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a watan Janairun 1939, tare da Malam Abubakar Imam a matsayin edita, sunanta kaɗai ya gaya wa mai saye abu biyu: ga farashin, ga kuma alƙawarin abin da zai samu. Imam ya riƙa rubutu kamar mai hira a zaure, ya kuma buɗe wa masu karatu ƙofar aiko da wasiƙu, har jaridar ta zama tasu. A cikin shekarun 1950 hukumar NORLA ta fito da ƙananan jaridun larduna, irin su Zaruma ta Sakkwato da Himma ta Katsina da Sodangi ta Kano, saboda an fahimci cewa mutum ya fi ɗokin takardar da zai ga sunan garinsu a ciki. Daga baya kamfanin Triumph na Kano ya buga Alfijir da ajami, domin ɗimbin mutanen da suka yi karatun allo ba su yi na boko ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai amsa ce ga tambayar da na ambata a sama.

Da harkar finafinan Hausa ta bunƙasa sai mujallun nishaɗi suka biyo baya. Sunusi Shehu Daneji ya kafa Tauraruwa a Kano a 1998, kuma a shafukanta ne sunan Kannywood ya samo asali a 1999. A watan Maris na wannan shekarar ta 1999 Ibrahim Sheme ya fara buga mujallar Fim a Kaduna, wadda ta yi tsawon rai a lokacin da takwarorinta da dama suka fito suka ɓace. Fim ta ba mawaƙa fili gwargwadon hali, kuma Sheme da abokan aikinsa ne suka wallafa littafin tarihin Alhaji Mamman Shata, wato Shata Ikon Allah, a 2006, shekara bakwai bayan rasuwar mawaƙin a ranar 18 ga Yuni, 1999. Duk da haka, a mujallar fim waƙa 'yar rakiya ce. Jarumi ne a bango, mawaƙi a shafukan ciki, makaɗin ƙauye kuwa sai ranar da ya rasu.

A ƙasashen Turai ma akwai abin lura. A Ingila an kafa mujallar Smash Hits a 1978, kuma babban abin da ya ja mata matasa shi ne buga kalmomin waƙoƙin da suke yayi tare da manyan hotunan da za su manna a ɗaki. Da intanet ta zo ta ba da waɗannan abubuwa kyauta, sai kasuwarta ta faɗi, aka rufe ta a 2006. Mujallar NME, wadda aka kafa a 1952, ta koma rabawa kyauta a 2015, sannan ta daina fitowa mako-mako a takarda a 2018. Darasin a fili yake: mujalla takan mutu ne ranar da abin da take sayarwa ya zama ana samunsa a banza a wani wuri. To, a nan ne muke da sa'a. Abin da ya kashe Smash Hits bai same mu ba tukuna, domin kalmomin waƙoƙin Hausa, musamman na makaɗan baka, ba su cika samuwa a rubuce ba, kuma abin da ake sakawa a intanet sau da yawa cike yake da kurakurai. Waya ta ba mutanenmu sauti. Ingantaccen rubutu da ma'ana da tarihi har yanzu suna jiran mai kawo su.

Wane ne mai karatun?

Mu fara da Jega. Tun a ƙarni na 19 garin ya yi suna a matsayin babbar kasuwa a kan hanyar fataken goro masu zuwa Gwanja, kuma har yau mahaɗa ce ta hanyoyin Sakkwato da Birnin Kebbi da Yawuri. Mai karatun Jega ɗan kasuwa ne, ko direba, ko tela, ko yaron shago. Ba shi da lokacin zama ya karanta shafi goma a jere. Yana karatu ne tsakanin mai saye da mai saye. Mujalla guda takan ratsa hannu da yawa a rumfa ɗaya, wani lokaci mutum ɗaya ne zai karanta da ƙarfi sauran su saurara. Irin wannan mai karatu yana buƙatar haruffa manya, da labarai gajeru waɗanda suke ƙarewa a shafin da suka fara, da jimlolin da za su yi daɗi idan an furta su a fili.

Aliero kuwa, ban da albasa da ɗorin karaya da aka san ta da su, tana da jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha wadda aka kafa a 2006. Mai karatun nan ɗalibi ne mai babbar waya. Yana jin Hamisu Breaker da Umar M. Shareef da Nura M. Inuwa, yana bin shirin Zafafa Goma na tashar Arewa24, yana kuma jin mawaƙan Legas. Da yawa daga cikinsu sun fi sabawa da karanta Turanci a kan Hausa, ko da yake da Hausa suke mafarki. Wannan yana son ya san yadda ake haɗa kiɗa a situdiyo, da yadda mawaƙi yake samun kuɗi a YouTube, kuma zai yi watsi da duk mujallar da ta yi masa kama da takardar jarrabawa.

Maiyama ƙasar manoma ce. A ƙauyukanta har yanzu kaka lokacin biki ne da wasanni, kuma kalangu da ganga ba su zama kayan tarihi ba. Mai karatun nan, ko mai sauraron karatun, ya san makaɗa da sunayensu da garuruwansu, ya san wanda ya gaji wani, kuma zai gane nan take idan marubuci ya yi shaci-faɗi.

Akwai kuma mai karatu na huɗu da ake yawan mantawa da ita, wato matar da ke cikin gida. Ita ce mai waƙoƙin biki da na daka da na reno, ita ce ta raya amadar Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, ita ce kuma babbar mai sauraron waƙoƙin soyayya na zamani da na bege da na Islamiyya. Ko mujalla za ta kai gare ta ko ba za ta kai ba, wannan ya danganta ga abin da maigida ya gani a bango lokacin da takardar ta iso zaure.

Mai karatu zai ce, to ai ba a bin zomo biyu a lokaci guda, balle huɗu. Gaskiya ne. Saboda haka shawarata ita ce a ɗauki mutum ɗaya a sa a gaba: matashin da ya yi boko, yake riƙe da waya, amma ya tashi a gidan da ake jin kotso da kalangu. Shi ne yake da ɗan kuɗin saye da sha'awar karatu, shi ne zai karanta wa mahaifinsa shafin tsofaffin makaɗa, shi ne kuma zai miƙa wa ƙanwarsa. Idan aka tsara mujallar domin shi, tare da tuna cewa mahaifinsa da ƙanwarsa suna leƙe ta kafaɗarsa, an samu ma'aunin da za a auna kowane shafi da shi.

Harshe shi ne ginshiƙi

A nan ne nake son in ɗan daɗe, domin nan ne fagen da na fi sani, kuma nan ne ake yawan yin tuntuɓe. Mujallar waƙa tana ɗauke da harshe iri biyu: harshen marubuci da harshen mawaƙi. Na farko ya kamata ya zama daidaitacciyar Hausa, mai bin ƙa'idojin rubutu, domin wanda ke Kano ko Bauchi ko Maraɗi ya karanta ba tare da wahala ba. Na biyu kuwa amana ne, ba a taɓa shi.

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Mafi yawan manyan makaɗan baka na yammacin ƙasar Hausa, daga Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi da Musa Ɗanƙwairo da Ɗan'anace har zuwa Aliyu Ɗandawo da ɗansa Sani na Yawuri, da karin harshen yamma suka yi waƙa. A wannan karin ana cewa munka zo da sunka tafi inda daidaitacciyar Hausa take cewa muka zo da suka tafi. Ana cewa shi yaz zo maimakon shi ya zo, rigas sarki maimakon rigar sarki, wanga da wagga maimakon wannan, shina maimakon yana, ɗiya maimakon 'ya'ya, sannan na da ta suna zama a gurbin ne da ce. Edita wanda bai san wannan ba yakan ɗauka kuskure ne, sai ya sa alƙalami ya gyara. Wannan gyara ɓarna ce, kuma ga dalili.

Waƙar Hausa a kan nauyin gaɓa take tafiya. Gaɓar da ta ƙare da gajeren wasali marar nauyi ce, wadda ta ƙare da dogon wasali ko da baƙi kuwa mai nauyi ce. Kalmar suka gaɓoɓi biyu ne marasa nauyi, amma sunka tana farawa ne da gaɓa mai nauyi. Haka bambancin ya da yaz yake. Idan aka sauya ɗaya da ɗaya an taɓa awon layin, kuma mai karatun da ya san waƙar zai ji ta karye a bakinsa lokacin da ya zo rerawa. Mutumin Maiyama da ya ga an mayar da makaɗin garinsu Bakano a takarda ba zai rubuto wasiƙar ƙorafi ba. Zai ajiye mujallar ne kawai, ba zai sake saye ba. Hanyar da ta dace ita ce a rubuta waƙa yadda ta fito daga bakin mai ita, sannan a keɓe wani ɗan gurbi a gefen shafi a bayyana kalmomi masu wuya da daidaitacciyar Hausa. Da haka mutumin yamma ya ga an girmama harshensa, mutumin gabas ya ƙaru da sani. Wannan kuma zai buɗe wa mujallar kasuwa a ƙetaren iyaka, domin Hausar Dogon Dutsi da Gaya a Jamhuriyar Nijar ta fi kusa da ta ƙasar Kebbi a kan ta Kano.

Abu na biyu shi ne haruffa masu ƙugiya. Tun cikin shekarun 1930 aka shigo da ɓ da ɗ da ƙ cikin rubutun boko, amma har yau ana buga takardu babu su, da hujjar cewa kwamfuta ba ta da su. Wannan hujja ta daɗe da faɗuwa, domin wayoyi da kwamfutocin yau duk suna iya rubuta su. A labarin yau da kullum mai karatu yakan gane abin da ake nufi daga muhallin magana. A waƙa kuwa, inda mawaƙi yake wasa da kalmomi da gangan, rasa ƙugiya ɗaya yana iya mayar da baƙi ya koma baki, ƙarya ta koma karya, yabo ya rikiɗe ya zama zagi. Saboda haka kafin a zaɓi siffar haruffan da za a buga mujallar da su, a fara gwada ko suna ɗauke da waɗannan baƙaƙe manya da ƙanana, kada a ga ƙ ta fito dabam kamar baƙuwa a tsakiyar kalma.

Na uku, kada a raina ajami. Shafi ɗaya ko biyu a kowace fitowa, mai ɗauke da waƙa guda da ajami a gefen boko, zai jawo mai karatun da ba a saba gayyata ba. A ƙasar da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna ya yi rubuce-rubucensa, ajami ɗan gida ne.

Na huɗu, kalmomin fannu. Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun riga sun share fage da kalmomi kamar turke da gindin waƙa da ɗiyan waƙa, ga kuma waɗanda makaɗa da kansu suke amfani da su, irin su amshi da take da kirari da zambo da habaici. Mujalla ta yi amfani da su, ta bayyana su sau ɗaya cikin sauƙi, ta bar ɗora kalmomin Turanci inda muke da namu. Kayan aro ba ya rufe katara. Inda kuma abu sabo ne, kamar fiyano da situdiyo, a rubuta shi yadda masu sana'ar suke furtawa.

Bango da suna da hoto

Labarin zuciya a tambayi fuska, bango kuwa shi ne fuskar mujalla. Sunan ya zama gajere, Bahaushe, mai sauƙin kira a bakin yaron da za a aika ya sayo. Sunan da ya fito daga cikin sana'ar kanta, kamar sunan wani abin kiɗa, ya fi sunan aro da zai sa dattijo ya ji ba da shi ake ba. Hoto ɗaya babba ya fi tarin ƙananan hotuna da aka cusa kamar kayan koli. Kanun labarai uku ko huɗu sun isa, a rubuta su da launin da za a iya karantawa daga nesa a kan teburin mai jarida.

Wa za a sa a bango? Idan kullum tauraron zamani ne, an kori dattijo. Idan kullum tsohon makaɗi ne, ɗalibin Aliero ba zai waiwaya ba. Ana iya yin karɓa-karɓa, ko kuma a haɗa su a hoto ɗaya suna hira, wanda shi kansa labari ne. Game da sutura da yanayin tsayuwa a hoto, musamman na mata, ma'aunin shi ne zaure: duk hoton da saurayi zai ji kunyar riƙewa a gaban mahaifinsa, to ya rage wa mujallar masu karatu, ko da ya ƙara mata masu kallo. Wanda ya san yadda harkar nishaɗi ta sha fama da zargi a Arewa, har Jihar Kano ta kafa hukumar tace finafinai da ɗab'i a 2001, ya san cewa mutunci jari ne a wannan kasuwa.

A ƙarƙashin kowane hoto a rubuta sunan kowa, har da 'yan amshi da masu kiɗa, da wurin da aka ɗauka da shekarar. Yau abin yana kama da ƙaramin aiki, amma bayan shekara talatin wannan layi ɗaya ne mai bincike zai dogara da shi.

Abin da za a zuba a ciki

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na marigayi Alhaji Muhammadu Gambo na Fagada a Ƙaramar Hukumar Maiyama, wanda duniya ta sani da Gambu mai waƙar ɓarayi. Ya yi suna da kalangunsa a faɗin ƙasar Hausa, daga baya ya bayyana cewa ya bar wannan waƙa, kuma ya rasu a 2016. Masana, musamman Farfesa Aliyu Muhammad Bunza na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya wallafa littafi a kan Narambaɗa a 2009, sun yi nazarin waƙoƙinsa. Amma irin wannan nazari a ɗakunan karatu na jami'a yake zaune, alhali matasan da ke tura waƙoƙin Gambu a waya ba su taɓa ganinsa ba. Aikin mujalla shi ne ta zama gada tsakanin ɗakin karatu da rumfar kasuwa.

Gambu kuma jarrabawa ce ga edita. Mujallar da ta tsallake shi saboda turken waƙoƙinsa ta yi wa tarihin yankin ƙarya. Wadda ta ɗauke shi domin ta burge matasa da labarin sata ta ci amanar iyayensu. Hanya ta uku ita ce a dube shi a matsayin gwanin harshe da kuma madubin zamaninsa: wane irin Hausa ya yi amfani da ita, me ya sa jama'ar da suke ƙin sata suke son waƙarsa, me ya faɗa da bakinsa game da barin sana'ar. Mai karatu ba yaro ba ne, idan aka ba shi bayani cikakke zai yi wa kansa hukunci.

Daga wannan misali ana iya fitar da tsarin kowace fitowa. A samu doguwar hira guda da mawaƙi mai rai, a bar shi ya yi magana da karin harshensa. A samu waƙa ɗaya tsohuwa da ɗaya sabuwa a rubuce, da sharhin kalmomi. A samu shafin kayan kiɗa, inda za a nuna yadda ake sassaƙa kalangu da ɗaure shi, ko bambancin kotso da taushi, ko yadda kuntigin Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya bambanta da gurmi da garaya. A samu shafin mata wanda mata za su rubuta. A samu shafin sana'a domin matasa masu tasowa, mai bayanin yarjejeniya da haƙƙin mallaka, musamman ganin cewa Nijeriya ta samu sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023. Ita kanta mujallar ta zama abin koyi: kada ta buga waƙar kowa sai da izininsa ko na magadansa. A ƙarshe a samu shafin wasiƙu, kamar yadda Imam ya yi, domin a nan ne dattijon Maiyama zai gyara wa edita kalmar da ya ji ba daidai ba, kuma wannan gyara riba ce.

Tun da waƙa abin ji ce, a haɗa takarda da waya. Alamar nan mai murabba'i da ake haskawa da kyamarar waya tana iya kai mai karatu kai tsaye ga sautin waƙar da yake karantawa. Haka kuma ana iya karanta manyan labaran a naɗe su, a tura ta WhatsApp domin wanda bai iya karatu ba. Amma a tuna cewa kuɗin data yana da nauyi a aljihun talaka, saboda haka duk abin da za a tura ya zama marar nauyi.

Kuɗi da 'yanci

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Takarda da tawada sun yi tsada, kuma sayar da kwafi kaɗai da wuya ya riƙe mujalla. Gara a fara da fitowa sau huɗu a shekara a cika alƙawari, da a ce wata-wata a gaza a fitowa ta uku. A nemi talla a inda mai karatun yake: masu shagunan waya, da masu ɗakunan naɗar waƙa, da dillalan taki da iri, da masu kayan biki. A kai mujallar inda jama'a suke taruwa, wato tasha da ranar kasuwa da ƙofar makaranta da teburin masu tura waƙoƙi, da manyan taruka irin bikin kamun kifi na Argungu, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016.

Babban haɗarin shi ne siyasa. Waƙar yabo tsohuwar sana'a ce mai daraja a wurinmu, kuma a yau waƙar siyasa tana cikin waɗanda suka fi kawo kuɗi. Mujalla tana iya nazarin waƙar siyasa, ya ma kamata ta yi. Amma ranar da ta karɓi kuɗin wani ta zama 'yar amshinsa, ranar ce rabin masu karatunta za su juya mata baya. Haka kuma idan mawaƙi ne yake biyan kuɗi a sa shi a bango, sharhi ya mutu. Dole edita ya iya cewa waƙar wane ba ta yi armashi ba, cikin ladabi da hujja, domin mai karatun da ya ga ana yabon kowa zai daina yarda da yabon.

Kira na ga sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu da kwalejojin ilimi, da hukumomin al'adu na jihohin Kebbi da Sakkwato da Zamfara, da attajiran Jega, da su kansu mawaƙan, shi ne su haɗa hannu, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Malamai suna da ilimin, ɗalibai suna da ƙarfin zuwa ƙauye da na'urar naɗar magana, 'yan kasuwa suna da jari da hanyar rarrabawa. Ɗanƙwairo ya tafi a 1991, Shata a 1999, Gambu a 2016, kuma 'yan amshinsu da suka haddace waƙoƙin suna ta bin bayansu ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda aka binne ba a zauna da shi ba, an binne shi ne da kalmomin da babu mai sake fassara mana su. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya kuma ba mu ikon adana abin da suka bari.